Wane Ne An?

Shekara ashirin da biyu ina buga takardun ofishin Bishop,
a bene na biyu, inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa.
Na buga sanarwar baftisma, na buga ta rasuwa,
na buga kuɗin gyaran rufin coci da ruwan sama ya cinye.
Ran Talata aka miƙo mini wannan.

Rubutun farko na Fada Remigio ne, tsoho, hannunsa na rawa.
Ya rubuta: yara goma sha ɗaya.
Ya rubuta sunan mutumin,
da garuruwa huɗu da aka yi ta kai shi,
kamar tukunya mai yoyo da ake sauya wa murhu.

Sai lauya ya sauka daga Santiyago da jan biro.
Bai tuɓe rigar ruwansa ba.
Goma sha ɗaya ta koma “wasu”.
Sunan ya koma “wani ma'aikaci”.
“Mun sani, muka yi shiru” ya koma “an samu giɓi”.
Ya ce, Nelida, haka ya fi tsabta.

An yi kuskure.
An ji ciwo.
Ana addu'a, ana bincike, za a duba.
Na gyara waƙafi, na daidaita hoton kyandir a sama,
na danna.
Kafin shayina ya huce ta isa kowace waya a tsibirin nan.

Ƙanena Eliseo yana gyaran injin kwalekwale a ƙetaren ruwa.
Yana shekara goma shi ke riƙe kwanon turare a gaban bagade.
Ni na goge masa farar rigar, ni na taje masa kai,
ni na ce, yi sauri, Fada na jira.
Daga baya ya daina cin abinci da mu,
ya fara kwana da takalmi a ƙafa.
Mama ta ce girma ne.
Ruwa ba ya tsami banza, amma mun shanye, ba mu tambaya ba.

Ƙarfe biyu da kwata na dare wayata ta haska.
Ba gaisuwa.
Kalma uku: Wane ne An?

Na rubuta amsa, na goge.
Na sake rubutawa, na ga muryar lauya ce a yatsuna.
An ba ya da gida, ba ya da hannu,
ba a kai shi kotu, ba ya tsufa.
An ne ya sa hannu a takardar sauyin wurin aiki,
kuma ni na buga ta, a watan Yuni, ina sauraron rediyo.

Da asuba na hau jirgin fito.
Rubutun Fada Remigio na aljihuna, ninki huɗu,
na tsamo shi daga kwandon shara.
Na tarar da Eliseo yana feraye dankali a bakin murhu,
baƙin mai bai fita daga faratansa ba.
Ya karanta sau biyu. Ya ƙirga da yatsa.
Ya ce, sha biyu ne. Ba su san da Baldomero ba,
shi teku ya zaɓa.

Itace ya fashe a wuta.
Karensa ya tashi, ya sake kwanciya.

Ya turo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, ke kika iya bugu, ni zan faɗa.
Kada ki gyara mini komai, ko waƙafi.
Na goge hannuna a siket.
Ya daɗe yana kallon ɓawon dankali,
har na zaci ya fasa.

Sannan ya ce, fara da “Ni”.